Rijiyar Bayan Gidan Wali

Wallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma da don son raina ne da na bar shi a ciki, don ni ne mai abin kunya a labarin. An yi shekaru, tun kafin yaƙin nan ya watsa mutane, lokacin ina aikin famfo, ina zaune a unguwar Kalakla tare da iyalina da tsohuwata, kullum in hau mota in ƙetare gada zuwa birnin Omdurman.

Wani ɗan kwangila ya ɗauke ni gyara a wani gidan gwamnati kusa da bakin kogi, inda walin wata jiha yake zama in ya shigo birni. Wali shi ne gwamna a wajenmu, kuma kada ku tambaye ni wanne, ba zan faɗa ba. Gidan tun na zamanin Turawa ne, ginin jan bulo, da baranda ta kewaye shi. In ka wuce sojojin ƙofa sai darbejiya biyu, sai babban zauren baƙi a ƙasa inda aka jera hotunan duk waɗanda suka taɓa zama a ciki, sama kuma ɗakunan iyali. Kowa ya zo sai ya bar nasa tabon: bargar dawakin Bature ta koma garejin motoci, wani ya ƙara ɗan masallaci, wani ya ƙara kicin. Na lokacinmu kuwa bayan gida yake so, har guda shida, sababbi. Ciki ɗaya dai gare shi, amma ina ruwana.

To a nan garin, ƙazantar bayan gida rijiya ake haƙa mata mai zurfi har a tarar da ruwa, muna ce mata saifun, kuma haƙa ta sai an ci makonni. Mai kula da gidan, wani Abdul Azim, mutum mai tumbi da ƙanshin turare kamar an kifar da kwalba, ya ce baƙi na zuwa nan da kwana goma, ba zai jira ba. Ya ja ni can baya, bayan ɗakunan ma'aikata, gindin wata tsohuwar tsamiya, ya taka wani faifan siminti da takalminsa ya ce da Larabci, "Ya usta," wato malam mai sana'a, "ga rami Allah ya ba mu a haƙe. Jawo bututunka nan."

Da muka ɗaga simintin sai sanyi ya bugi fuskata. Rijiya ce, an jera mata dutse tsaf, ruwa garau, har fuskata na hango a ciki.

Ina tsaye sai ga mai ban ruwan lambun gidan, wani dattijo Bahaushe, Baba Idi, ya jefar da tiyo ya taho. Ya ce da ni da Hausa, don kada Abdul Azim ya ji, "Ɗana, kada ka yi. Mahajjatanmu ne suka haƙa ta tun ba a yi katangar nan ba. Nan ne zangonsu in sun iso a ƙafa daga yamma, sadaka ce suka bari, wanda ya sha ya yi wa mai haƙa addu'a." Ya nuna mini wani wuri a katanga inda bulon ya bambanta, ya ce ko Baturen da ya kewaye filin ya bar wa matafiya 'yar ƙofa a nan, daga baya ne wani ya toshe ta.

Jama'a, ni fa kakana da ƙafarsa ya zo ƙasar nan, tsohuwata ta sha ba mu labarin. Na san gaskiya yake faɗa. Amma na ji tsoron a kore ni, na kuma ji kunyar a ce ga Bahaushe da camfinsa. Na ce, "Baba, aiki aka sa ni." Ya dube ni, ya tofar da yawu gefe, ya ce, "Hannunka ne."

Na haɗa bututun. Tir da ni! Ranar da aka fara amfani da shi ina nan ina shafe bakin simintin, da kunnena na ji abin ya faɗa cikin ruwan nan.

A ranar nan dai, rana tsaka ce, gab da azahar, zafi kamar gidan burodi. Sai na ji sallama a bayana. Wani tsoho ne da taguwa duk ta koɗe, da sanda, da gora a rataye, ƙafafunsa sun yi kaushi sun tsattsage. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, babu Larabci ko ɗaya a ciki. Ya ce, "Sannu da aiki, samari. Ina gugan?"

Na ce babu rijiya a nan, Baba. Ya ce, "A nan muke sha." Sai na ruga randar ma'aikata na ɗebo masa a kofi, na miƙa da hannun dama. Ya kai hanci, ya yamutsa fuska, ya tsiyayar a ƙasa, ya ce, "Da wannan hannun ka ɗebo?" Ya juya ya nufi katanga, daidai ƙofar da aka toshe. Na sunkuya in ɗauki kofin da ya ajiye, ɗagowar da zan yi babu kowa. Na tambayi sojojin ƙofa, suka yi mini dariya, suka ce ko kyanwa ba ta shigo ba.

Na tafi alwala a famfon masallacin gidan. Ina tara ruwa a tafin hannu, kai! Warin masai, ɗanye, har cikin maƙogwaro. Na yi amai a wurin. Wani direba da ke kusa da ni ya shinshina famfon ya ce ruwa lafiya lau. Na wanke da sabulu, da toka, da lemon tsami, na je har Jabal Awliya, can nesa da gari, na tsoma hannun a kogi, duk ruwan da ya taɓa hannun nan sai ya yi mini wari. Ni da nake zaune tsakanin koguna biyu sai da na koma taimama kamar mai tafiyar sahara.

Na so in ce hancina ne, har ranar da tsohuwata ta ce in ba ta ruwa. Na ɗebo daga randarmu na durƙusa na miƙa. Ta kai baki, ta ture kofin, ta ce, "Kai, me ka taɓa?" Na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dai ce, "Ubana ya sha a rijiyar nan," ta kira matata ta kawo mata wani.

Washegari na koma na yanke bututun a gaban Abdul Azim, na ce ya haƙa nasa ramin. Ya kira ni mahaukaci, ya sa sojoji suka raka ni waje. A bakin ƙofa na ce wa Baba Idi na cire. Ya ce, "Bututu ka cire. Ruwan fa?"

Warin ya ragu a hankali, na koma alwala, amma har yau in na tara ruwan farko a tafi don alwalar asuba sai na kau da kai. Ban san wane ne tsohon nan ba, kuma ban je wa malami da tambaya ba, don na san abin da na yi. Ni dai shawarata, duk mai aikin hannu da aka nuna wa tsohon abu aka ce ya rushe ko ya toshe, ya tsaya ya tambayi dattijon wurin, in ya gaya masa kuma ya ji. Tsohuwata ta ƙara shekara huɗu a duniya, ta yafe mini da bakinta, tana cin abin da na sayo, tana sa mini albarka. Amma har ta koma ga Allah ba ta sake karɓar ruwa daga hannuna ba.