Baƙon Ƙyaure a Rumbun Ammu Hamid

Cikin duk shekarun da na yi ina gyaran tsofaffin gine-gine, ranar da ta ƙi fita a raina ita ce ranar da na ɗora zarto a kan ƙyauren gidanmu. Ku da kuka shigo aikin nan bana kun sha jin ana cewa "rumbu mai baƙon ƙyaure". To ga yadda aka yi.

A shekarar da aka rushe unguwar Karantina ta Jidda ne. Can aka haife ni, a gidan da babana ya gina bayan ya zo Hajji ya yi zamansa. Kafin katafila ta iso layinmu, kowa na kwashe abin da zai iya. Maƙwabta suna ta ciro tagogi da famfuna, ni kuwa na ɓalle ƙyauren ƙofar gida, wanda babana ya haɗa da hannunsa. Ƙyaure ne mai nauyi, mai wani irin kuka idan an tura shi, kukan da ya sha tona mana asiri muna yara in mun saci jiki mun fita. Muka koma gidan haya a unguwar Sharafiyya, can saman bene, ƙyauren ya rasa wurin zama. Na jingine shi a ƙarƙashin bene. Kullum mai gadi sai ya tare ni: "Ya Bakur, yaushe za ka ɗauke mana wannan kaya?"

Ana haka kamfaninmu ya samu aiki a wani ƙauyen manoma cikin kwari, arewa da Jidda: a gyara tsofaffin rumbunan dabino don a riƙa kai baƙi zagaye. Ba irin rumbun da iyayenmu ke ba mu labari ba ne mai hular ciyawa. Ɗakuna ne na dutse da laka, rufin gungumen dabino, da gajerun ƙofofi. Muhandisa Nuha, injiniyar da ke shugabantar mu, ita ke duba kowane rumbu ta ce ya shiga zagaye ko bai shiga ba. A ƙarƙashinta akwai mu'allimai biyu, wato manyan masu sana'a, na gini da na katako, ni ne na katako. Ƙa'idarta ba ta da yawa amma ba ta lanƙwasuwa: ba a taɓa tsohon bango don sabon abu ya samu wuri, kuma duk abin da aka ƙara sai an gaya wa baƙi cewa ƙari ne.

Rumbun wani tsohon manomi, Ammu Hamid, ya fi kowanne daɗewa, amma gara ta cinye ƙyaurensa, awaki suka mai da shi masauki. 'Ya'yansa da ke aiki a birni sun riga sun yi magana da mai katafila. So suke su share wurin su gina istiraha, irin gidan shaƙatawar nan da ake bayarwa haya. Alkawari ɗaya suka yi wa tsohon: in rumbun ya shiga zagaye kafin ranar buɗewa, za su ƙyale shi. Rumbu kuwa ba ya shiga babu ƙyaure.

Na haɗa sabo da katakon kanti, na goge shi yana ƙyalli. Muhandisa ta zagaya shi ta ce, "Ya mu'allim, aiki ya yi kyau, amma wannan ai ƙofar banɗakin otal ce." Haushi ya cika ni, musamman da yake gaskiya ta faɗa. Na bi kasuwar tsofaffin kaya kaf, duk wanda na samu ko ya ruɓe ko ya yi siriri. Da na koma hannu rabbana, Ammu Hamid yana zaune a gindin rumbun ya ce, "Halas, shi ke nan, ya waladi, bar wahalar da kanka. Na fara koya wa idona ganin wurin nan fili."

Maganar nan ta soke ni. Na san yadda fili yake a wurin da ɗaki ya taɓa tsayawa, ban daɗe da ganin namu ba.

Kashegari na ɗoro ƙyauren babana a mota. Faɗi ya zauna daidai, tsayi kuwa ya zarce da kamar tafin hannu biyu. Na roƙi Muhandisa a ɗan ɗaga dutsen saman ƙofar. Ta girgiza kai. "Ka san ƙa'ida. Ko ƙyauren ya rage tsawo, ko ya koma inda ya fito. Kuma ba zan ce ka yanke ba, don ba nawa ba ne."

Ni ma ai ba nawa ba ne. Na koma gida na tarar da Ummi tana tsinkar ganyen lalo. Na yi ta kame-kame har ta gaji ta ce, "Kai, yalla, faɗi abin da ya kawo ka." Na faɗa mata duka. Ta ɗago kai ta ce, "A can akwai mai buɗe shi?"

Na ce, "Akwai, Ummi. Kullum."

"To ya fi zaman ƙarƙashin bene. Amma ka yanke daga ƙasa. Saman ne babanka ya yi wa ado, ƙasan kuwa dama kai da ƙannenka kun gama da shi da shuri. Guntun ka kawo min."

Na yanke shi a inuwar rumbun, ban bar kowa ya riƙe min ba. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye. Na mayar masa da tsofaffin ƙarafunansa, muka kafa shi, Muhandisa ta duba ta ce ya shiga.

Ranar buɗewa na tsaya gaban baƙi na faɗi abin da ƙa'ida ta ce in faɗa: bangon na nan ne, rufin na nan ne, ƙyauren kuwa daga Karantina ya zo. Babban ɗan Ammu Hamid ya shafa katakon, ya koma gefe ya buga wa mai katafila waya cewa an fasa. Ummi ma ta zo, na riƙo hannunta daga mota. Ta tsaya a bakin ƙofar ta yi sallama, ta tura. Ƙyauren ya yi kukan nan nasa.

Ammu Hamid ya ce da Larabci, "Tafaddali, shigo ya Hajja, gidanki ne."

Ta amsa masa da Hausa, ba ta damu ko ya ji ba: "Ai na sani. Na gane muryarsa." Ta sunkuya ta shiga.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan: ba don a jingine tsohon abu ake cetonsa ba, sai don a ci gaba da taɓa shi, kuma kusan kullum akwai wanda ya ba da wani abu nasa kafin hakan ta yiwu. In kun je wani rumbu, ku tambayi na waye kafin ku ɗaga guduma. Guntun katakon yana nan a Sharafiyya, a kansa Ummi ke ɗora ƙafa in tana salla a zaune. Rumbun kuwa an sake zuba masa dabino. Kuma duk wanda na kama a cikinku ya ɗiga wa ƙyauren nan mai don ya daina kuka, ni da shi ne.