Kawu Hatimi da Shafin Kula da Inna

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan waya yana rarraba wasiƙu. Aikinsa a wani ɗaki ne mai dogon tebur da ƙananan akwatuna jere a bango, kowanne da sunan unguwa a goshinsa. Tun muna yara muke ce masa Kawu Hatimi, don ko takardar sakamakon makaranta ka nuna masa, kafin ya duba makinka sai ya duba kwanan wata da sa hannu.

Da wasiƙa ta ja baya aka sallame su, mun zaci zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya rungumi rediyo kamar tsararrakinsa. Sai ga shi ya shiga ajin koyon kwamfuta. Har yau da yatsa biyu yake bugawa, kamar kaza tana tsintar tsaba, amma wani shagon sayar da maganin dabbobi ya ɗauke shi yana kula musu da shafinsu na yanar gizo. Yana da ɗan teburinsa a bayan shagon, tsakanin buhunan abincin kaji da firij.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni ke kula da ciwon sukarin Inna tun da ya kama ta. Da aka tura ni ƙarin karatu na wata shida a wani gari mai nisa, hankalina ya tashi. Mu huɗu ta haifa, amma wanda ke gida ɗaya da ita shi ne Yayanmu, tela, mutumin kirki wanda idan ya ga ɗigon jini sai ya nemi kujera. Don haka na zauna na rubuta komai a shafi ɗaya wanda za su iya buɗewa a waya: lokutan allura, abin da za ta ci, yadda ake gwajin jini, kula da ƙafa, ranakun asibiti. Na sa masa bango ruwan hoda mai furanni, na ɗauki kwamfutata na tafi wurin Kawu. Gaskiya yabo na je nema.

Ya gyara tabarau ya yi ta jan shafin ƙasa, ya ja, ya ja.

“Wannan ai igiyar rijiya ce,” in ji shi. “Idan sukarinta ya sauka farat ɗaya, ina kika rubuta abin yi?”

“Yana nan, Kawu. Can ƙasa.”

“Ƙasa ina? Ni da nake zaune lafiya ban kai ba tukuna. Wanda hannunsa ke rawa fa?”

Na ɗaure fuska. Shekara goma ina jinya, ga mai tallar maganin tsutsar awaki yana yi mini gyara. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya jawo mini kujera ya ce in buɗe manhajar da na tsara shafin da ita, kuma ni zan yi da hannuna, shi baki ne nasa.

Ya sa na je kan kanun kowane sashe na dasa alama, na ba ta gajeren suna ba tazara a ciki. Sannan muka koma can saman shafi muka jera layuka tara. Kowane layi muka mai da shi mahaɗi: a gurbin adireshi sai in sa alamar nan mai kama da ɗan tsani, in bi ta da sunan da na ba sashen. Kana taɓa layin, sai shafi ya yi tsalle ya dire daidai wurin. Na so in fara jerin da lokutan allura, ya girgiza kai.

“Abin da ke kisa da wuri shi ke hawa sama. Kuma kar ki rubuta da bakin asibiti. Rubuta abin da idonsa zai gani.”

Na rubuta: Idan Inna ta fara gumi da rawar jiki.

Daga nan ya sa na buɗe wurin saita bayanan shafin. Ashe sunansa har lokacin “Sabon shafi 3”. Kawu ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ambulan marar adireshi, na maza na mai da shi “Kula da Inna”. Muka saita harshensa zuwa Hausa don kada waya ta ce za ta fassara shi, muka ƙara girman rubutu. Furannina kuwa ya ce in cire, a bar fari da baƙi. Su na fi jin zafi, amma na cire. Kafin in tashi na ba shi damar shiga shafin ya yi gyara, ko da wani abu zai taso.

A wata na uku da tafiyata likita ya canja wa Inna awon allura. Na shiga shafin a gurguje tsakanin darasi biyu na gyara, har na goge kanun sashen gaggawa na sake rubuta shi don ya fi daɗin karantawa. Na rufe kwamfuta ina ganin na kyauta.

Bayan kamar sati biyu, wata ranar Talata da la'asar, Yaya ya kira ni. Muryarsa ba daidai take ba.

“Kar ki tsorata, ta warware. Tana nan zaune tana yi mini faɗa.”

Ya ce ta yi allurar rana, sai baƙi suka shigo, hira ta yi daɗi ta manta ba ta ci komai ba. Ya taso daga keken ɗinki ya same ta jiƙe da gumi, kofi yana kaɗawa a hannunta, maganarta tana harɗewa. Ya ce kansa ya ɗauke gaba ɗaya. A cikin tarin shafukan da ke buɗe a wayarsa sunan Inna ya hango, ya taɓa layin farko, sai ga abin yi a gabansa da manyan baƙaƙe. Tunda tana iya haɗiya, ya dama sukari a ruwa ya ba ta, ya jira minti goma sha biyar, ya gwada jinin da kansa. Yaya fa, da kansa.

Na yi hamdala, na yi kuka, sannan na buɗe manhajar don in ƙara gargaɗi game da baƙi. A jerin gyare-gyaren da aka yi wa shafin na ga abin da ban sani ba. Washegarin gyarana, da safe, Kawu ya shiga ya taɓa sashen gaggawa. Na kira shi nan take.

“Kawu, me ka gyara a shafin Inna?”

“Da kika goge kanun nan, kin goge har da alamar. Layin farko ya mutu. Da Yayanki ya taɓa shi haka, da shafin yana nan tsaye a sama.”

Ni da hannuna na yanke hanyar, ban kuma waiwaya na gwada ba.

“Me ya sa ba ka faɗa mini ba?”

“Kina fama da jarrabawa. Kuma abu ne na minti ɗaya.”

“To yaya aka yi ka gane?”

Ina jin ƙarar firijin shago a bayansa.

“Kullum da safe kafin in taɓa aikin shago nakan danna layukan nan tara, ɗaya bayan ɗaya, in ga kowanne ya kai inda aka aike shi.”

“Kullum, Kawu? Tun da na tafi?”

Na fara jero godiya, kalmomin suna tuntuɓe da juna, har da su Allah ya saka, Allah ya bar mana kai. Ya bari na kai aya.

“Amin. Amma ki daina gode mini kamar wani baƙo,” ya ce. “Ita ta goya ni kafin ta goya ku.”