Barkonon Nonc Ovide da Idon Jirginsa

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga jiragen mutane daga ruwa a filin da ubana ya bar mini a bakin rafinmu, kuma a duk masu jiragen nan ban ga mai taurin kai irin Ovide Pellegrin ba. Nonc Ovide kowa yake ce masa, wato kawu, ko wanda bai haɗa jini da shi ba. Ni kuwa na haɗa, ƙanen uwata ne, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa.

Jatan lande yake kamawa tun yana ɗan shekara goma sha uku. An haife shi a tsibirin Margot, tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan, lokacin da tsibirin yake da gidaje ashirin da coci da garken shanu. Guguwa ta kwashe rabi, gishiri ya kashe itatuwa, ruwa ya ƙarasa sauran a hankali. Shekara arba'in ke nan da ya ɗora gadonsa da murhunsa da uwarsa a jirgi ya dawo nan. Yau idan ka je wurin ko kara ɗaya ba za ka gani a tsaye ba. Amma shi har gobe idan yana yi maka kwatance sai ya ce, "Ka bar cocin a hannun hagu," kamar cocin yana can yana jiranka.

Duk watan Afrilu, kafin a buɗe kamu, yakan kawo jirginsa Miss Eula, mai sunan marigayiya matarsa, in ɗaga masa ya yi wa gindinsa fenti. Ruwanmu ga ɗumi ga gishiri, wata biyu ka bar jirgi ba fenti sai gansakuka da 'yan maƙale, ƙwarin nan masu ɓawo kamar haƙori, su yi masa riga. Maganinsu jan fenti mai garin jan ƙarfe, kowa shi yake shafawa. Sai dai tsofaffinmu ba sa yarda kamfani ya gama aikinsa sai sun zuba garin barkono a ciki. Nonc Ovide kwalba biyu yake juyewa a kowane galan, ya dama da sanda yana atishawa yana hawaye.

"Nonc, ƙwaron nan fa ba shi da harshe," in ce masa.

"Ke kika taɓa tambayarsa? Ubana ya zuba, ubansa ya zuba. Miƙo min buroshi, Verna, ki bar surutu."

'Yarsa ɗaya ce, Celite, ma'aikaciyar jinya a garin Houma. Shekara bakwai da suka wuce ta saya masa na'urar auna zurfi, ta sa aka maƙala masa allon a gaban sitiyari, aka huda gindin jirgin aka dasa abin da muke kira ido, wani ɗan faifai mai faɗin tafin hannu wanda yake tura sauti ƙasa ya dawo da labarin abin da ke can. Ya yi godiya a gabanta. Tana juya baya ya ce mutumin da yake buƙatar talabijin kafin ya san zurfin ruwan da aka haife shi a ciki, gara ya je ya kama sayar da takalmi. Bayan shekara biyu na'urar ta fara haukacewa, yanzu ta ce ƙafa biyu, yanzu ta ce arba'in. Daɗi ya kama shi, ya bi mashigar jirage yana gaya wa kowa cewa abin maƙaryaci ne. Daga nan ya mayar da allon wurin rataye hula.

A watan Oktoban bara, yana da shekara saba'in da shida, jirginsa ya hau tudun kawa, tarin ɓawon da ke ƙarƙashin ruwa, ya maƙale a mashigin Margot. Awa biyar yana zaune yana jiran ruwa ya ƙaru. Kwana goma sha tara bayan haka ya sake hawa, a wurin da ya rantse tun yana yaro zurfinsa ƙafa tara ne. Wannan karon farfela ta lanƙwashe, sai da wani jirgi ya jawo shi gida da igiya, mutane suna tsaye a bakin gaɓa suna kallo. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, kuma ban bari ya gani ba, don da ya gani da ya daina gaishe ni.

Washegari Celite ta sauko daga Houma da kayan aikinta a jikinta. A ofishina suka yi ta, ina zuba musu kofi.

"Baba, sau biyu a wata ɗaya. Na gyara maka ɗaki, ga taga, ga lambu a baya. Akwai mai son jirgin."

"Ya so uwarsa."

"Baba! Ka yi wa Mama alkawari a asibiti, ina tsaye. Ka ce ranar da ruwa ya fi ƙarfinka za ka bar jirgi ka dawo tudu."

Maganar gaskiya ce, shi kuwa duk taurin kansa ba ya cin alkawari. Ya juya kofinsa sau biyu a kan tebur. Sannan ya ce, "Ruwa bai fi ƙarfina ba tukuna. Verna za ta gyara farfela. Ki zo ran Asabar ta sama ki shiga jirgin, in ratsa mashigin Margot da ke lokacin da ruwa ya janye. Idan gindin jirgin nan ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya, ga makulli, ki kai ni lambunki ki dasa ni."

Celite ta ce ta yarda. Ni kuwa na san mashigin ya canza tun guguwar da ta wuce, yashi ya tashi daga inda yake ya koma inda ba a san shi ba, kuma tsohon nan da taswirar shekara hamsin yake tuƙi a cikin kansa.

Da muka ɗaga Miss Eula na shiga ƙarƙashinta don duba farfela, sai na nemi idon na rasa. Inda ya kamata ya kasance wani jan ƙulli ne kamar dankali, 'yan maƙale sun yi gida a kansa, gansakuka tana reto. Na sa farce na ɓantaro gefe. Fenti ne a kan fenti, na ƙirga hawa bakwai, kowane hawa da tsakuwar barkono a ciki.

"Nonc! Zo ka ga aikinka."

Ya rusuno yana dafe da gwiwa. "Me kuma?"

"Duk shekara kana bin idon nan da jan fenti?"

"Ba a gindin jirgi yake ba? Duk abin da ke gindin jirgi fenti nake yi masa."

"To ai kai ka makantar da shi. Wannan fentin ba a kusantar ido da shi. Kauri gare shi, sauti ba ya ratsa shi, ga sinadarinsa yana cin fuskar abin. Barkononka kuma ya sa ya yi kaushi, kumfa tana taruwa, ƙwarin da kake kora sun samu wurin riƙewa. Shekara biyar kana zagin na'ura ashe kai ka ɗaure mata fuska."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tsaya yana kallon ƙullin nan, can kuma na ga yana murmushi, irin murmushin da ba na so.

"To ashe ba tsufa ba ne," ya ce. "Wauta ce. Wauta kuwa ana kankare ta. Ba ni wuƙa."

Na hana shi wuƙa, don ƙarfe yana yi wa ido tabo. Na ba shi guntun katako da sanfefa mai laushi da bokitin ruwa. Kwana biyu yana kwance rigingine a kan kwali a ƙarƙashin jirgi, yana kankarewa hawa bayan hawa, garin barkonon shekara bakwai yana zubo masa a fuska. Na ce ya bari in taya shi, ya ce wanda ya shafa shi zai cire. Allah ya taimake shi fuskar idon ba ta tsage ba. Da ta fito fes na kawo masa ɗan gwangwanin baƙin fenti na ido, mai ruwa-ruwa, wanda bai fi kofin shayi ba. Na zagaye wurin da salatif, na ce shafa ɗaya, siriri, kada ya koma ta kansa. Ina juyawa na ji ƙarar murfin kwalba.

"Nonc, ajiye barkonon nan."

"Ɗan kaɗan. Don albarka."

"Na rantse idan ƙwaya ɗaya ta faɗa gwangwanin nan, ni da kaina zan kai ka Houma."

Ya mayar da kwalbar aljihu yana gunaguni cewa tun ina cikin zani ba ni da kunya. Amma ya shafa yadda na ce, da ɗan buroshi, yana riƙe numfashi. Sauran gindin jirgin kuwa ya rama, kwalba uku ya zuba a galan.

Da muka mayar da jirgin ruwa ya cire hularsa daga allon ya kunna. Na'urar ta ce ƙafa shida, ta tsaya cak. Ya zura sandar gora ya auna, ƙafa shida. Sai wata matsalar ta fito, lambobin ba ya ganinsu sosai. Washegari ya zo sanye da tabaran Eula, mai jan firam da 'yan furanni a gefe. Masunta suka yi masa caa.

"Kai, wace budurwa ce wannan a jirgin Ovide?"

"Wadda ta ƙi ubanka," ya ce, ya ci gaba da kallon allonsa.

Ran Asabar iskar arewa ta kwana tana kora ruwa waje, gaɓa duk laka. Na shiga jirgin a matsayin shaida. Celite ta zauna a kan akwatin ƙanƙara ta harɗe hannu, ta ce ba za ta karanta masa lamba ko ɗaya ba. Miss Eula ƙafa uku take ci a ruwa. Da muka kai bakin mashigin allon ya ce biyar, sannan huɗu da rabi, sannan huɗu.

"Nan ake barin cocin a hagu a karkata dama," ya ce, ba da kowa yake ba. Ya karkata dama. Huɗu ta koma uku da rabi. Hannunsa yana kan sitiyari. Shekara sittin hannun nan yana juyawa dama a wannan wurin, kuma na san a ransa komawa hagu kamar ƙaryata ubansa ne. Uku da 'yan kai. Celite ta miƙe tsaye. Ya ƙunduma wata ashar da Faransancin tsofaffi, ya murɗa sitiyari hagu, ya bi ta kan inda cocin yake a da. Huɗu. Biyar. Bakwai. Muka fita fili ba mu taɓa komai ba.

Na yi zaton zai yi ihu ko ya yi mana gori. Bai yi ba. Ya rage wuta ya fara zagaye a hankali, hancinsa kusan a jikin allo. Ya yi gaba, ya dawo, ya sake karkata. Celite ta ce, "Baba, ka ci, mu koma gida mana." Ya ci gaba da zagayensa. Can sai layin ƙasa a allon, wanda yake shimfiɗe, ya yi tsalle ya tsaya a miƙe ya sake sauka, abu mai kusurwa wanda laka ba ta yin irinsa. Ya kashe inji.

"Zo ki gani, Celite. Kin san mene ne wannan?"

Ta girgiza kai.

"Gindin tankin ruwan gidanmu ne. Bulo ɗari huɗu, ni na ɗebo wa kakanki su a kaina. Ɗakin da aka haife ni yana nan, taku goma daga inda kike tsaye." Ya cire tabaran ya goge su da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. "Na tashi sau ɗaya, 'yata. Ga gidan da na bari, ƙafa biyar a ƙarƙashinmu. Ruwa ne ya tashe ni, ban yi musu da shi ba. Ranar da ya sake fin ƙarfina zan kawo miki makullin da hannuna, ba sai kin tambaya ba. Amma yau bai fi ba."

Celite ta daɗe tana kallon allon, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba. Makullin yana rataye a jikin inji, kusa da hannunta. Ta kai hannu. Sai ta murɗa shi, injin ya tashi.

"Nuna mini inda ɗakin Kaka yake," ta ce.

Ya mayar da tabaran Eula a hancinsa ya kama sitiyari.