Yaya Tsahara Mai Kwanhitir ta Badaguishiri

Ranar Talata, 14 ga Mayu 1996, ina tashar Konni bisa mota ina ɗaurin kaya, aka ce in sauko. Da na sauko aka shaida mini yayata Tsahara, matar Jibo mai lambu a Badaguishiri, ta cika da hantsi bayan gajeruwar jinya. Wanda ya ba mu ita ya karɓi abinsa, mu ma gare shi muka nufa.

Yaya, ni ne ƙanenki Illo direba. Masu zuwa gaisuwa suna ta yabon haƙurinki. Ni taurin kanki na fi sani, kuma shi zan yaba, don shi ya riƙe gidanki.

Shekarar da albasa ta yi daraja, Jibo ya wasa gatari zai sare itatuwan mangwaron da kika dasa da hannunki ya shuka albasa a wurin, tunda ƴaƴan ruɓewa suke a ƙasa, awaki ma sun daina dubansu. Kika roƙe shi ya ba ki shekara guda. Kika tafi wajen Madam Awa, ungozomar da aka turo garin, ta koya miki dafa mangwaro da sukari da lemun tsami har ya yi kauri, a ɗura a kwalba ya yi watanni bai lalace ba. Ta ce sunansa kwanhitir.

Tukunyar farko kin ba ta wuta kamar mai dafa ganda. Da ta huce muciya ta tsaya ƙyam a ciki, ni da Jibo muka ja muka kasa. Ya ɓantari gefe da wuƙa ya gatsa, haƙorinsa na gaba ya zauna a ciki. Ya dube ki ya ce, "Tsahara, wanga ai siminti na, ki kai masana'antar Malbaza." Ko murmushi ba ki yi ba, kika ce shi ya yi gaggawa.

A ta biyu kika rage wuta, kika rage sukari, kika ce dafa kwalaben wofi da Madam ta umarta ɓarnar itace ce. Bayan kwana biyu kika cika kwando, kika ce in kai ki kasuwar Konni. Rana ta take, kwandon na bisa mota. Muna tsayawa shingen jandarma sai tau! tau! kwalabe suka shiga fashewa. Fasinja suka watse cikin gonaki, wani dattijo ya bar takalmi ɗaya, jandarman kansa ya kwanta bayan ganga. Ke kaɗai kika zauna, ruwan mangwaro na ɗiga a kan mayafinki. Da jandarman ya taso yana kakkaɓe kaki, ya tambayi abin da aka ɗauko. Kika ce, "Kwanhitir na, ranka shi daɗe, ya ɗan yi hushi." Ya lakata ya lasa, ya yamutse fuska, ya ce mu ɓace masa da gani. Ƙudan zuma suka raka motata har Konni.

Jibo ya sake ɗauko gatari. Kika kafa murhu a gindin babban itacen, kika ce in zai sara ya fara ta kanki. Wannan karon kika bi maganar Madam tiryan-tiryan, aka dace. Aka shafa wa Jibo a burodi, ya gatsa ta gefen da haƙori ya saura, ya miƙo a ƙara masa. Gatarin ya koma faskara miki itace.

Daga nan masu shayi da malaman makarantar lakwal da direbobin siminti suka san ƙofarki. Duk damina in rumbu ya yi ƙasa, tukunyarki ke sayo hatsi. Mai jego da majinyaci kyauta kike aika musu, amma kwalbar sai kin bi ta kin karɓo ko gidan biki ne. Matan lambu da dama gare ki suka koya, da zagi da komai.

Jiya na tarar da Jibo gaban murhunki. Ya tsince mangwaron bana ya ce ba zai bari ya ruɓe ba, ya ƙone tukunyar ƙurmus. Yana ta share ido da hannun riga, ya ce mini hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe kurakuranki, ya sanyaya makwancinki, ya ciyar da ke daga lambunan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Jibo, da ƴaƴanki Munkaila da Zalika da Kande, da matan lambun Badaguishiri. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.