Labarin da Abba Walda Rufa'el Ya Tsallake

Shekara arba'in da ɗaya Abba Walda Rufa'el ya yi a gidan zuhudun da ke kan wani dutse a ƙasar Habasha bai taɓa sauka ba. Ranar da ya shiga, an kwantar da shi a ƙasa, an lulluɓe shi da mayafi, an karanta masa addu'ar matattu kamar yadda ake yi wa kowa, sannan aka ajiye sunansa na gida, Asgedom, aka ba shi wannan. Wasu 'yan zuhudun sukan sassauta, su leƙa gida bayan 'yan shekaru. Shi kam ya riƙe abin da hannu bibbiyu. An ce ya mutu, to ya mutu.

Dukiyarsa kaf tana cikin kansa. Shekara tara ya durƙusa gaban malaminsa, Mamhir Kidanu, yana haddace bayanin Littafi Mai Tsarki, aya bayan aya, kowace da fassara uku ko biyar, wata har goma sha biyu, yadda malamai suka miƙo ta baki da baki. Mamhir ya rasu, abokan karatu sun watse, wasu yunwa ta tafi da su. Shi kaɗai ya rage da karatun, ga shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani.

Wannan ne ya hana Ato Tilahun Bezabih sukuni. Shi editan wata 'yar mujallar coci ne a Addis Ababa, mutum mai gaggawa, kuma ya rantse sai ya kwashe abin da ke kan tsohon nan ya zuba a takarda kafin duhu ya gama da shi. Shekara shida suna musayar wasiƙa ba su taɓa ganin juna ba. Kowace ranar kasuwa mai alfadari yakan ɗaura takarda a igiyar fatar da ake hawa dutsen da ita, Abba Za-Mika'el mai tsaron igiya ya jawo.

"Matacce, ga ta abokinka," yakan ce. "Ni ban taɓa ganin gawa mai yawan wasiƙa irinka ba."

Faɗan Abba da editan ɗaya ne kullum. "Abba," in ji editan, "shafi huɗu gare ni, ka turo mini bayani goma sha ɗaya a kan aya guda. Ka zaɓi biyu mana, don Allah." Amsar takan zo da manyan baƙaƙe masu karkata: "Ɗana, waɗanda suka faɗe su sun riga mu gidan gaskiya, ba za su iya kare kansu ba. Wanne kake so in kora? Ka rage girman hotonka na shafin farko, wuri zai samu." Sunansa ma bai yarda a buga ba.

A haka aiki ya yi ta tafiya har suka iso labarin nan na Linjila, na ɗan da ya bar gida ya lalata rabonsa, ya komo a tsiyace, uban ya hango shi daga nesa ya sheƙa da gudu ya tarye shi. Abba ya tsallake shi ya wuce gaba. Editan ya tuna masa, Abba ya yi biris da wasiƙar. Ya sake tunawa, aka aiko masa da wani babi dabam. A wasiƙa ta uku Ato Tilahun ya ajiye wasa: "Abba, rubutunka yana ƙara girma kowane wata, na san abin da hakan ke nufi. In ba ka rubuta wannan yanzu ba, da kai za a binne shi. Ka manta ne?"

Bai manta ba, ina ma ya manta. A shekararsa ta uku a kan dutsen mahaifinsa ya yi tafiyar kwana huɗu a ƙafa, ya hau igiyar nan da tsufansa, da tulun zuma a goye. Kwana uku ya zauna a bakin ƙofar haraba yana aikawa a kira masa Asgedom. Abba, a lokacin saurayin ɗan zuhudu ne mai zafin ibada da taurin kai, ya aika masa da magana ɗaya: Asgedom ya mutu. Har shugaban gidan ya ce masa fita babu laifi, ya ƙi. Tsohon ya bar zumar ya sauka, kafin damina ta zagayo aka kawo labarin rasuwarsa. A lokacin Abba ya ɗauka ya ci jarrabawa ne. Tun daga baya kunya da baƙin ciki suke cinsa, bai gaya wa kowa ba.

Bayan wasiƙar nan ta editan, mako biyu ya yi yana rubutu a bakin taga da hantsi, hancinsa kusan a kan takarda. Ya kawo bayanai tara na malamai a kan gudun uban, bai rage ko ɗaya ba. A ƙarshe ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sa maganar kansa. Ya ba da labarin tsoho da tulun zuma da kwana uku a ƙofa, ya rufe da cewa: "Malamaina sun yi bayanin uban da ya ruga wurin ɗansa. Babu wanda ya yi bayanin ɗan da ubansa ya zo masa daga nesa ya ƙi fitowa. Na juya duk abin da na haddace, ban samu ba. Wanda ya sani ya rubuto mini."

Wannan karon Ato Tilahun bai yi ƙorafin shafi ba, ya buga duka. Amsoshi suka yi ta zuwa daga limamai da malaman makaranta, Abba Za-Mika'el yana karanta masa, don shi ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Kowa da hujjarsa, masu wanke shi sun fi yawa. Yakan saurara ya ce Allah ya saka musu, ya koma ɗakinsa yadda ya fito.

Sai wata ta zo a takardar littafin makaranta, da hannun limamin cocin ƙauyensu. Yayarsa Abrehet ce ta faɗa aka rubuta mata. Liman ya karanta mujallar a gindin bishiya bayan sujada, tana jin zancen zuma ta gane, don ita ta tace ta.

"Asgedom, ko wane suna suka ba ka. Baba bai riƙe ka a zuciya ba. Ya ce ya ji muryarka ta bayan katanga kana rera addu'a da safe, ya san kana da lafiya, ya ce wannan ya ishe shi. Ni ce ban yafe ba, ni da na wanke masa ƙafafu da ya dawo. Mace ba ta hawa dutsenku. Ranar bikin Giciye zan zo gindinsa in zauna. Ba zan yi kwana uku ba, ƙarfina bai kai na Baba ba."

Abba Za-Mika'el ya ninke takardar, ranar bai yi zolaya ba.

Da ranar ta zo aka ɗaure wa Abba Walda Rufa'el igiyar a ƙugu, mutum huɗu suka riƙa sassauta ta a hankali, yana laluben jikin dutsen da ƙafa. A ƙasa bai ga komai ba sai wani farin abu a zaune kusa da alfadari. Ya nufe shi da sanda, ya durƙusa.

"Yaya," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya ta wajen haske.

"Kai, ka tsufa," ta ce. "Fuskar Baba ce sak. Zauna nan in gan shi."