Harsuna Biyar, Babu Takarda

A Murshid Bazaar, wata kasuwa a ƙasar Larabawa, na haɗu da shi, shekarar da na fara aikin ɗaurin kaya. Buzu ne daga duwatsun arewacin Nijar, dogo, mai magana a hankali. Ni kuma daga wani ƙauyen kan dutse na fito, a kudancin Bauci, inda masu jin yarenmu ba su wuce garuruwa uku ba. Tare muke cusa takalma da atamfa a kwali, mu naɗe da leda, mu tura wa masu kago, wato masu aika kaya ƙasashen waje.

Ran Juma'a da la'asar, shi ya sauko daga masallaci, ni na dawo daga coci, mukan zauna bakin ruwa a unguwar Al Ras. Zafi kan sa gine-ginen tsallake su yi ta rawa kamar za su narke. Ƙanshin kanumfari da busasshen lemun tsami na biyo mu daga shaguna, kwale-kwale na kai da komo, har in ga kamar rafin garinmu ne ya girma ya biyo ni. Rafin nan ne tsakaninmu da makaranta. In damina ta yi nisa, sai mu tsaya a gaɓa da littattafai a ka, muna hangen rufin kwanon ajinmu, mu juya gida. Duk da haka na gama sakandare, na farko a zuriyarmu. Shekara shida ina yawo da takardata ofis-ofis. Da na faɗi garinmu sai a ce, "Ina ne nan? Wa ya turo ka?"

Shi a aji uku ya tsaya. "Rijiyarmu ta ƙafe, ɗan'uwa," ya ce mini. "Raƙuma suka tashi, muka bi su." Amma yana jin Buzanci, Hausa, Faransanci, Larabci, da Turancin kasuwa. Yakan lumshe ido ya zana mini makarantar da yake so: tanti ce, a bayan raƙumi ake ɗora ta, malamin ma makiyayi ne. Ina saurare har in ji iskar hamada a fuskata.

Wata rana muka ji wani ofishin kago a unguwar Al Khabaisi na neman wanda zai riƙa magana da 'yan kasuwar Afirka. Muka tafi tare. Manajan ya gwada shi da Larabci, ya gwada shi da Faransanci, yana ta gyaɗa kai. Sannan ya miƙa hannu.

"Takardar makaranta, habibi?"

Abokina ya yi murmushi, ya buɗe tafukansa.

"Khalas, shi ke nan," in ji manajan, ya juyo wajena.

Ni mai takarda aka ɗauka. A hanyar dawowa na kasa kallonsa. "Ka karɓa," ya ce. "In ka ƙi, wani za su ba, ba ni ba."

Wata biyu na farko, duk ɗan Nijar ko ɗan Mali da ya shigo da Faransanci, sai in kira shi a waya. Yana tsakiyar kwalaye, gumi na zuba, ya fassara mini kalma-kalma, bai taɓa gajiya ba. A bakinsa na koyi abin da na riƙe aikin da shi.

Da bizarsa ta ƙare bai sabunta ba. Na raka shi filin jirgi da akwati ɗaya da injin jan ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ni na ɗaure masa da hannuna.