Kujeru Tsirara a Bakin Gada

Kowace safiya, kafin ya taɓa zarto, Baba Kafinta kan share gaban shagonsa, ya yayyafa ruwa, ya jera 'yan duwatsu don kada wani ya ajiye babur a wurin. In an tambaye shi, sai ya ce, "Wurin mota ne." Motar ta daɗe ba ta zo ba, amma ba wanda ya taɓa tuna masa.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta fi kowa sanin shagon, don a cikin dusar katakonsa ta yi rarrafe. Shagon yana kan titin da ya miƙe zuwa gada. Bayan gadar wata ƙasa ce da tutarta da jami'anta, ko da yake carar zakaran can tana tayar da mutanen nan.

Tun yana saurayi rabin aiki yake yi. Shi ke yanka katako ya haɗa ƙashin kujera. Wani mutum a tsallake, wanda kowa ke kira Mai Kushin, shi ke yi mata sutura da soso da yadi. Katako mai kyau a nan yake, yadi da soso a can. Mota takan ɗebi kujeru tsirara ta haye, ta dawo da su sanye gwanin sha'awa, Mai Kushin zaune a kan guda a baya yana kaɗa ƙafa.

"Kai ɗan tsallake," yakan ce tun bai sauko ba, "wannan kujera ka yi ko kejin kaji?"

"Da keji ne da ka zauna daidai, ɗan tsallake."

Haka suke kiran juna, gashinsu ya yi fari a kan haka.

Sai shugabannin ƙasashen suka saɓa. Ƙungiyar da ta haɗa su ta tsage, aka girke gangar ƙarfe da sarƙa a bakin gada. Auta takan kawo wa mahaifinta abincin rana ta tarar da bencin gaban shago ya cika da muhawara.

"Gara haka!" in ji Mai Walda, maƙwabcinsu. "Kowa ya tsaya da ƙafarsa. Mun gaji da ciyar da waɗanda ba sa godiya."

"Kai da ƙarfenka daga can yake zuwa?" in ji direban motar kujeru, wanda yanzu ba abin da yake tuƙawa sai hira.

"Za mu yi namu!"

"Da bakinka za ka narka shi?"

Aka kwashe da dariya. Mai Walda ya juya. "Baba, raba mana gardama."

"Ni kafinta ne," ya ce. "Miƙo mini ƙusar nan."

Kujeru suka taru a lungu, wata a kan wata. Auta ce ta nemo wani mai ɗinkin kujeru a cikin gari, magidanci mai tsabtar aiki. Ya ɗauki guda, ya dawo da ita an gama, yadin luwai-luwai. Amma da aka zauna, kushin ya yi ta zamewa hagu da dama.

"Baba, ba raini ba," in ji mutumin, "awonka ya ɗan zarce. Kusan yatsa biyu kowane gefe."

Baba Kafinta ya shafa gefen kujerar. Auta ta san dalili. Mai Kushin ba ya tausayin soso, cusa shi yake yi har sai ya kumbura, shi kuwa mahaifinta ya saba bar masa wuri tun ba a haife ta ba. Ya gwada ragewa. Zai auna daidai, ya ja layi daidai, zarto na shiga sai hannu ya koma inda ya saba.

"Aikinka ba shi da laifi, malam," ya ce. "Hannuna ne."

Daga nan ya koma yin tagogi da bencuna.

Shi da Mai Kushin sukan yi waya jefi-jefi, amma ba mutanen waya ba ne. Gaisuwa, tambayar iyali, sai shiru, kowa yana sauraren numfashin ɗan'uwansa. Wata rana Auta ta ji muryar Mai Kushin tana fitowa ƙasa-ƙasa.

"Gwiwa ta ƙi, mutumina. Ni da na yi wa duniya wurin zama, ga ni a kan jarka. In na zauna ƙasa sai an ɗaga ni."

"Ai dama nauyi gare ka."

"Nauyin naka aikin ne da na yi ta ɗauka."

Washegari Baba Kafinta ya zaro wani katako da ya daɗe yana ɓoyewa a saman rufi. Kujera mai tsawo zai yi, da hannuwa masu ƙarfi da tsoho zai dafa ya miƙe da kansa.

Ana cikin haka aka buɗe gadar ga masu tafiya a ƙafa. Mutum ya wuce, kaya su tsaya. Mata suka yi ta hayewa ganin 'ya'yansu. Har Mai Walda ya je, wai gaisuwar surukai, ya dawo muryarsa ta yi sanyi.

"Baba, na biya ta wurin mutuminka. Ya faɗa sosai."

"Baba, ka je mana," in ji Auta. "Ni zan raka ka. Ba kujera yake nema ba, kai yake nema."

"In je masa hannu rabbana? Ban taɓa haye gadar nan ba kaya ba. Kallona zai yi ya ce me ya kawo ni."

"Sai ka ce ƙafa."

Ya yi murmushi. "An ce manyan za su zauna. In sun zauna, za a bar kaya su wuce."

Manyan suka zauna, suka tashi, suka sa wata ranar. Shi kuwa sai ya rage saurin aiki. Hannun kujera ɗaya ya yi ta gogewa da samfefa har ya yi santsi kamar tafin jariri. Auta ta lura ba ya son gamawa, don in ya gama ba shi da inda zai kai ta.

Da damina tari ya kama shi. Bai yi doguwar jinya ba.

Ana zaman makoki sai ga wani tsoho da sanda ya taho daga wajen gada, yana tafiya yana tsayawa. Ya gaisa da mutane, ya yi addu'a, sannan ya ce wa Auta, "'Yar nan, buɗe mini shagon."

Kujerar tana tsakiyar ɗaki, an tallafe gefenta da bulo. Ƙafa uku sun shiga, gam ya bushe. Ta huɗu tana jingine da bango, an fere ta, da alamar fensir inda ƙusa za ta shiga.

"Taka ce, Baba," in ji Auta.

Mai Kushin ya ɗauki ƙafar, ya juya ta, ya dubi gudumar da ke kan teburi.

"Ban iya ƙusa ba," ya ce. "Shi ne ya iya."

Ya mayar da ita jikin bango, ya tsaya a kan sandarsa.